Zuwa Kano: Abin Gani Da Abin Saye

Jawabi ga 'yan ajin manya na Mahuta da kewaye

  

Ga shi an kai amfani gida, dawa ta shiga rumbu. Yanzu ne lokacin tafiya. Waɗansu za su fita cin rani, waɗansu za su kai wake ko riɗi kasuwa, waɗansu kuwa da bikin ɗa a gabansu za su tafi haɗo lefe. Da yawa cikinku Kano za su nufa. Don haka muka ga ya kamata yau mu yi magana a kan zuwa Kano.

Abin da mu ke lura da shi ke nan. Mutum ya kan tashi daga Mahuta, ya sha wahalar mota yini guda cur, ya kwana uku a Kano, ya komo. A tambaye shi, "Me ka gani?" Sai ya ce, "Kai, mutane! Kai, motoci!" Shi ke nan. Tasha ya sani, da rumfar da ya yi ciniki, da zauren da ya kwana. Kuɗin mota ya riga ya biya duka, amma rabin abin da ya biya bai karɓa ba. Rabin nan da a ke barowa shi mu ke so mu nuna muku.

Hanya da sauka

Maganar hanya ba za mu daɗe a kanta ba, gama direbobi sun fi mu sani. Akwai ta Kwantagora da Kaduna da Zariya, akwai kuma ta Gusau da Funtuwa. Kun san halin da a ke ciki na rashin kwanciyar hankali a waɗansu wurare. Ku tambaya a tasha kafin ku shiga mota, ku yi sammako, kada ku yarda da tafiyar dare. Ku rubuta lambar wayar mai masaukinku a takarda, ku sa a aljihu, don waya ta kan mutu ko ta ɓace.

In kun sauka, kada ku tsaya neman kabu-kabu. Kanawa acaɓa su ke ce masa, kuma tun farkon 2013 gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a kan babur cikin birnin. Keke mai ƙafa uku a ke hawa, sunansa a can A Daidaita Sahu. Ku yi ciniki kafin ku hau.

A fara da Dala

Wanda ya ke so ya gane Kano, ya fara hawa Dutsen Dala. Ku mutanen ƙasar Zuru, da kuka saba da duwatsu, za ku yi dariya in kun gan shi, don ba wani tsawo gare shi ba, an kuma yi masa matakala ta siminti. Amma ku hau. Daga bisa za ku ga birni shimfiɗe ko ta ina, ga Goron Dutse can, ga hasumiyoyin babban Masallacin Juma'a da koren tulluwarsa kusa da gidan Sarki. Nan ne mutum ya ke sanin abin da ya sa a ke ce wa Kano tumbin giwa.

A gindin dutsen nan Kano ta fara. Masu bincike sun tono wuraren da aka narka tama a can tun fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Watau maƙera ne suka fara zama, don dutsen yana da ƙarfe. Littafin tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe, babban mutumen Dala na zamanin tsafi, da Bagauda wanda a ke lissafa shi Sarki na farko, a shekara ta 999. Jikansa Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwa. Sarakunan baya suka yi ta ƙara ta.

Ganuwar nan yanzu abin tausayi ce. Ruwa ya ci wani wuri, masu ɗiban ƙasa sun ci wani, waɗansu kuma sun gina gidaje da shaguna a kanta. Sunayen ƙofofi dai suna nan, Ƙofar Mata, Ƙofar Nasarawa, Ƙofar Na'isa, Ƙofar Kabuga, Ƙofar Mazugal da sauransu, kuma an rubuta suna a jikin ƙofa. Mai karatu ba ya ɓata a Kano sosai, don ƙofofin nan su ne alamun hanya.

Marina da Kurmi

A Ƙofar Mata akwai marina. An ce tun 1498 ta ke. Rijiyoyi ne ƙanana birjik a ƙasa, ko wace ta fi tsayin mutum zurfi. A kan zuba ruwa da baba da toka da kanwa, a bar su kwana da kwanaki har su nuna. Sa'an nan marini ya zauna a bakin rijiya yana tsoma zane yana ɗagawa. Ku tsaya ku duba da kyau. Sa'ad da zanen ya fito daga ruwa kore-kore ne, sai ya sha iska tukuna ya ke juyewa shuɗi. Shi ya sa marini ba ya barinsa a ciki, sai ya tsoma ya fitar, ya tsoma ya fitar. Daga nan a kai wa mabuga, su ɗora a kan gungume su yi ta bugu har ya yi ƙyalli. Rijiyoyi da yawa yanzu sun cike da shara, ba mai aiki a kansu, don rinin kanti ya fi araha. Amma da sauran masu yi, su kan kuma sayar wa baƙi.

Kasuwar Kurmi tana cikin tsohon birni, kusa da Jakara. Sarki Muhammadu Rumfa ne ya kafa ta, shi kuwa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A da, ayarin raƙuma daga Agadas da Gat da Tarabulus nan su ke sauke gishiri da kayan Larabawa, fatake kuma su kawo goro daga Gwanja. Wani Bature Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da a ke saƙawa a rina a Kano suna kai wa har Tambutu da Tarabulus. Kada kuma mu ɓoye, a kasuwar nan an sayar da bayi, mutane kamarmu, kafin a hana.

Yau Kurmi lunguna ce matsattsu, in ba ka kula ba ka yi ta zagaya wuri guda. Ko wace sana'a da layinta: dukawa da jakunkuna da takalma da titimi, masu kayan doki da sirdi da linzami, masu hula, masu turare, masu kayan yaji, masu littattafai, masu ƙorai sassaƙaƙƙu. Ko ba ku da abin saye, ku shiga. Kallo ba a biya.

Gidan Makama

To, yanzu mun zo wurin da mu ke so ku fi ba lokaci. Daura da gidan Sarki, ta wajen Ƙofar Kudu, akwai wani tsohon gini na ƙasa, mai katanga mai kauri da zanen hannu a jikinta. Shi ne Gidan Makama. An gina shi ne domin Rumfa tun yana Makama, kafin ya hau gadon sarauta ya gina fadar da a ke ciki har yau. Bayan zuwan Turawa an yi makaranta a wani sashe nasa. Wani sashen kuwa aka mai da shi gidan tarihi.

Mene ne gidan tarihi? Gida ne da a ke tara kayan mutanen da, a tsare su daga gara da ruwa da ɓarayi, a jera su, a rubuta bayanin ko wane a kusa da shi, don kowa ya zo ya gani. Ba na Sarki kaɗai ba ne, ba na Turawa ba ne, ba kuma na 'yan boko ba ne. Manomi da rigarsa ta gona yana da ikon shiga kamar Gwamna. A kan biya ɗan kuɗi a ƙofa. Ku biya, ku karɓi rasit. Akwai ma'aikata masu zagayawa da baƙi suna bayani da Hausa, ku kuwa kada ku ji kunyar tambaya, aikinsu ke nan.

Kafin ku dubi kome, ku ɗaga kai ku dubi rufi. Ba kwano, ba siminti, ba ƙusa. Azara ce da ƙasa, an tanƙwara bakan gizo ya riƙe ɗaki. A waje rana na ƙuna, a ciki sanyi kamar gindin tsamiya. Maginan da suka yi wannan ba su san takarda ba, amma sun san nauyin ƙasa.

Ɗakunan kallo 11 ne, ana bi daga wannan zuwa wancan. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni, manya, an daddaɗe su da ƙarfe. In ka tsaya gabansu sai ka gane yadda a ke rufe gari da magariba, wanda ya makara ya kwana a waje. Akwai taswirar ganuwa. Akwai kayan yaƙi, sulke da lifidi da kwalkwali, masu da takubba, baka da kwari, garkuwar fata da bindigogin da. Akwai labarin jihadi da zuwan sarautar Fulani, da na Basasar Kano da aka yi daga 1893 zuwa 1895, sa'ad da 'yan gida ɗaya suka yaƙi juna a kan sarauta. Akwai hotunan zuwan Turawa, waɗanda suka ci Kano a watan Fabrairu 1903, lokacin Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. Akwai hotunan dalar gyaɗa, watau buhunan gyaɗa dubbai da a ke jerawa su yi tsini kamar dutse suna jiran jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Yau ba sauran dalar gyaɗa ko ɗaya a Kano. Yaron da aka haifa bana, in ba a hoton nan ba, ba inda zai gan ta.

Duk wannan yana da kyau. Amma abin da zai fi ba ku mamaki shi ne ɗakunan sana'a da na zaman gida. Za ku shiga ku ga garma da fartanya da lauje. Za ku ga mazari da masaƙa, da zugazugin maƙeri, da tulu, da ƙwarya da ludayi, da jeren ɗakin amarya irin na da, da ganguna iri iri. Tsohuwa daga Mahuta in ta shiga nan sai ta riƙe baki ta ce, "Ashe wannan ma abin ajiyewa ne? Ai irinsa na nan bayan ɗakina kaji na kwana a ciki!"

I, abin ajiyewa ne. Ku dubi gidajenku. Shekara nawa rabon da ku ga mace tana kaɗi? Robar kanti ta kori ƙwarya, jarka ta kori tulu, injin niƙa ya kori dutsen niƙa. Ba mu ce a koma baya ba, wanda ya taɓa niƙan dawa a dutse da asuba ba zai so ya koma ba. Amma abu in ya fita daga hannu, shekara 30 ta isa a manta sunansa, a manta yadda a ke yinsa. Kanawa sun ga haka suka keɓe gida guda.

Bambancin fartanyar Gidan Makama da taku ɗaya ne tak. Tasu tana da 'yar takarda a gefe, an rubuta sunanta, da inda aka samo ta, da aikin da a ke yi da ita. Ku da kuka fara haɗa baƙi, ku gwada karanta takardun nan. Waɗansu da Turanci su ke, sai ku nemi ma'aikaci. Amma shekarun da aka rubuta da lamba, 1463, 1903, 1911, waɗannan kam kun iya su da kanku.

Kantin Kwari da atamfar Holan

Mun san masu lefe sun ƙosa mu zo kasuwa. Kano kasuwanni ne da yawa, ko wace da abinta. Hatsi da wake da riɗi, Dawanau. Kayan masarufi, Singa. Kayan gida iri iri, Sabon Gari. Tufafi kuwa, Kantin Kwari a Fagge, inda 'yan kasuwa ke zuwa sari har daga Nijar da Cadi da Kamaru.

Dokar ciniki kun san ta, amma a Kwari sai an ƙara hankali. Kada ku saya a shagon farko. Ku tambayi shago uku ko huɗu, ku rubuta abin da ko wane ya faɗa. In kun taya aka ce albarka, ba faɗa ba ne, ku ƙara kaɗan ko ku wuce. Yaron da ya tare ku a bakin kasuwa ya ce zai kai ku wurin mai araha, ku sani ladansa a cikin kuɗinku za a fitar. Turmin atamfa yadi 6 ne, ku sa a warware a auna a gabanku. In ta waya za ku biya, ku karanta sunan mai asusun da adadin kuɗin kafin ku danna, sifiri ɗaya ya kan mai da 5,000 ta zama 50,000. Ku raba kuɗinku aljihu biyu saboda 'yan sane.

Iyayenmu mata za su ce lefe bai cika ba sai da Holan a ciki. To, kun san mece ce Holan? Sunan ƙasa ne. Tana Turai, a bakin teku, maƙwabciyar Jamus da Beljiyam. Kaɗan ta fi Jihar Kebbi faɗi, amma mutanenta sun kai wajen miliyan 18. Madarar gwangwani Peak da ku ke sa wa shayi, asalinta can ne. Atamfar kuwa wani kamfani ne mai suna Vlisco ke buga ta a garin Helmon, an kafa shi tun 1846.

Labarin atamfar nan abin ji ne. A wancan zamani mutanen Holan ke mulkin tsibirin Jawa, can ƙasar Indunusiya. Mutanen Jawa suna da irin nasu rini, su kan zana zane da narkakken kakin zuma, su tsoma a baba, inda kakin ya rufe rini ba ya kamawa. Turawan Holan suka ce bari su yi irinsa da inji su sayar musu. Mutanen Jawa suka duba suka ga tsage-tsage a jikin rinin, suka raina shi. Da aka kawo shi bakin tekun Gana, abin da waɗancan suka ƙi shi mutanen nan suka so. Daga nan ya bazu har ya zo akwatin amaren Mahuta. Watau dabarar ta Jawa ce, injin na Holan, kuɗin kuwa namu.

Ta gaske tana da tsada ƙwarai, kuma jabu ta fi ta yawa a kasuwa. A bakin zanen a kan buga sunan kamfanin da lambar zane, ku karanta. Amma masu jabu su ma sun iya buga suna, don haka ku tafi da wadda ta san zane a hannu, ku kuma dubi ciki da baya, ta gaske rininta ya kan ratsa duka biyu. In an sallama muku Holan da kuɗin ƙaramar atamfa, ba Holan ba ce. Mu a ganinmu, gara mutum ya sayi mai araha da sunanta na gaskiya, da ya ci bashi ya sayi suna kawai.

Yadda su ke yi a can

Tun da mun ambaci Holan, bari mu gaya muku abin da ke kai baƙi ƙasar, don yana da haɗi da maganarmu. Babban birninta Amstadam. Wajen kashi 1 cikin 4 na ƙasar ya fi teku gangarowa, sai da suka yi ganuwar ƙasa suka tare ruwa. Cikin birnin an haƙa hanyoyin ruwa tun shekara 400 da suka wuce, jiragen ruwa na bi ta ƙofar gidaje, gidajen kuwa a kan turakun itace su ke tsaye saboda laka. Kekuna a ƙasar sun fi mutane yawa. Baƙi su kan zo su hau jirgi su zaga gari, su sayi furanni da cuku, sa'an nan su bi layi a ƙofar gidajen tarihi.

Mafi girma cikinsu sunansa Rijksmuseum, an buɗe gininsa a 1885. A shekarar 2023 kaɗai mutum fiye da miliyan 2 suka shiga, manya kuwa sai sun biya. Me su ke kallo? Akwai zanen hannu na gwanayensu, kamar babban hoton 'yan tsaron gari da wani mai suna Rembrandt ya zana a 1642. Amma akwai kuma tukwane da kwanoni, da gadaje, da tufafi, da kwaɗo da mabuɗi, kayan kakanninsu dai. Mai otal ya samu, mai abinci ya samu, mai jirgi ya samu, duk albarkacin tsofaffin kaya da aka ƙi zubarwa.

Sai dai ba kayan kakanninsu kaɗai ke gidajen tarihin Turai ba, har da na kakannin waɗansu. A 1897 sojan Ingila suka ci birnin Benin, a kudancin ƙasarmu, suka kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa daga fadar Sarkin, aka yi ta sayarwa a Turai. Waɗansu suka faɗa Holan, yawanci a gidan tarihin garin Laidin. Nijeriya ta daɗe tana neman kayanta. A 2025 Holan ta mayar da guda 119, aka yi bikin karɓarsu a Legas a watan Yuni. Ku lissafa da kanku, daga 1897 zuwa 2025 shekara 128 ke nan.

Namu na gida

Wani zai ce, ina ruwan Mahuta da kayan Benin? Da ruwanta. Ƙasar Zuru ma tana da abin da duniya ke nema. Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, sun shahara da tukwanen kabari. Mata ne ke gina su da yumɓu, waɗansu da siffar dabba, waɗansu da siffar mutum, a ɗora a kan kabarin babban mutum, ko gwanin noma, ko maharbi, ko ɗan kokawa. Yau irin tukwanen nan suna gidajen tarihi na Turai da Amurka, suna kuma hannun masu gwanjon kayan da. Sau da yawa abin da a ke rubutawa a gefensu sunan ƙabila ne da na ƙasa kawai. Sunan matar da ta gina babu, sunan wanda aka ɗora wa babu, sunan ƙauyen babu.

Kayan Benin da bindiga aka ƙwace su, an san rana, an san wanda ya kwasa, shi ya sa aka sami bakin magana. Amma tukunyar da wani yaro ya ɗauke da dare daga kabarin kakansa, ya miƙa wa baƙo a bakin kuɗin cefanen mako guda, wa zai nemo ta? Da wace shaida? Dillalan nan suna yawo ƙauyuka, su kan tambayi tsohon takobi, ko munduwa, ko ganga, ko tukunya. Abin da su ke ba ku bai kai ƙurar abin da su ke samu ba.

Mun san akwai mai cewa, "Mu yanzu Musulmi ne, ko Kirista ne, me za mu yi da kayan mutanen da?" Ajiye abu dabam, bauta masa dabam. Kano garin malamai ne, amma ba su share sunan Barbushe daga tarihinsu ba, suna koya wa 'ya'yansu don su san inda aka fito. Kuma har yanzu muna da 'yan'uwa masu bin gargajiya. Kabarin iyayensu ne, wanda ya taɓa shi sata ya yi.

Doka ma ta hana. Tun 1953 aka yi dokar tsare kayan tarihi a Nijeriya, a 1979 kuma aka kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda Gidan Makama ke ƙarƙashinta. A dokar nan ba a sayar da kayan tarihi ga kowa sai ga hukumar ko wanda ta ba izini, ba a kuma fita da su ƙasar waje sai da takardarta.

Ku manoma ku ne kuka fi kowa tono ƙasa, don haka ku ji wannan. A 1943 aka kai wa wani Bature, Bernard Fagg, wani kan mutum na yumɓu da aka tono a wurin haƙar kuza wajen Jama'a, kudu da Jos. Wanda ya same shi da fari bai san darajarsa ba, ya kafa shi a gonar doyarsa yana korar tsuntsaye. Da aka bincika sai aka gane aikin waɗansu mutane ne da suka zauna a can fiye da shekara 2,000 da suka wuce, waɗanda yanzu a ke kira mutanen Nok. Irin waɗannan kaya na cikin abin da ya sa aka gina gidan tarihin Jos a 1952. To, in garmarku ta tono tukunya, ko ƙarfe, ko siffa, kada ku fasa don neman zinariya a ciki, ba za ku samu ba. Ku bar shi inda ya ke, ku gaya wa mai unguwa, ya kai wa hakimi.

Na cikin gida kuwa, ga aikin da ko wane ɗan aji zai iya tun yau. Ka sami littafin rubutu guda. Ka dubi abin da ya fi tsufa a gidanku, ko garmar da kakanka ya yi golmo da ita, ko kwarin baka, ko ƙwaryar auren kakarka. Ka zauna da tsoho ko tsohuwar gidan ka tambaya: Mene ne sunansa da harshenmu, Fakkanci ko Dakarci ko wanne ne, mene ne kuma da Hausa? Wa ya yi shi? Zamanin wane sarki? Me a ke yi da shi? Ka rubuta, ko da layi uku ne. Mai waya ya ɗauki hoto. In ɓarawo ya ɗauka, kana da shaida. In tsohon ya riga mu gidan gaskiya, maganarsa na nan. Kada ku ce sai baɗi, tsofaffin nan ba jiranmu za su yi ba.

Ga wanda Kano ta yi wa nisa

Ba kowa ne zai sami zuwa Kano bana ba. Muna da gidan tarihi a cikin jiharmu, a Argungu. Daga Mahuta sai Koko, sai Jega, sai Birnin Kebbi, sai Argungu. Tsohuwar fadar Sarakunan Kabi ce, a nan su ke zaune har 1942, aka buɗe ta ga masu kallo a 1958, aka sa mata sunan Kanta, wanda ya kafa daular Kabi wajen shekara 500 da suka wuce. A ciki akwai masu da takubba da bakuna, da layun yaƙi, da tambura, da kayan su, a nan kuma a ke binne sarakunan. Daga nan ku gangara Matan Fada, inda a ke bikin kamun kifi da homa da gora. Bikin ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hasan ya kai Argungu a 1934, bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Ba ko wace shekara a ke yinsa ba, sai ku saurari rediyo.

In 'yan aji 10 ko 15 suka haɗa kuɗi, mota guda ta ishe su, su tafi da sassafe su kwana ɗaya su komo. Mai so ya ba malamin ajinsa suna kafin ranar kasuwa mai zuwa, kowa kuma ya taho da fensir da littafinsa. To, mai tambaya ya ɗaga hannu.